Gwajin da Ba a Ɗauka Ba

Kakana na wajen uwa, Digambar Kelaskar, ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana magana da bakin wasu. A gidanmu na haya da ke unguwar Girgaon a Bombay, ɗaki ɗaya da ɗan madafi a hawa na biyu, Ajoba muke ce masa, kamar yadda kowa ke kiran kakansa. A waje ba wanda ya san fuskarsa. Amma da ya buɗe baki wajen mai kayan miya ya ce a auna masa albasa, sai mutumin ya yi tsaye da sikeli a hannu, yana tunanin inda ya san muryar nan.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Sangli a 1934. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya wata ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo ta yada zango a garinsu, da za su tashi ya bi su, bai sake komawa ba. A ƙungiyar babu mace ko ɗaya, yara maza ake ɗaura wa sari su fito a gimbiya ko kuyanga. Shekara shida ya yi yana mace, har gemu ya kore shi. Daga nan ya zama dogari, ya zama waziri, ya zama aljani mai dariyar mugunta. Sarki dai bai taɓa yi ba. Gajere ne, hancinsa kuwa, in ji kakata Malati, wadda muke ce wa Aji, kamar an ɗora dankali a faranti.

"Murya ta sarakuna Ubangiji ya ba ku," takan ce masa. "Da aka zo rabon fuska ne aka tarar kun tafi shan shayi."

"Ke da kika ga fuskar, me ya zaunar da ke?"

"A rediyo na fara jin ku. Cutata aka yi."

Da silima ta cinye kasuwar 'yan wasa, ƙungiyar ta watse, ya gangaro Bombay da akwatin kwano ɗaya. Nan ya haɗu da Rustom, wani Bafarse dogo mai ɗaukar sauti, wanda ya ji shi yana kwaikwayon kwandastan mota ya ja shi zuwa situdiyo. Aikin da ya riƙe shi har tsufa ke nan, ɗora murya. Ana yanko ɗan guntun fim, a haɗa bakinsa da gindinsa ya zama zobe, ya yi ta zagayowa a allo babu sauti. Mai murya ya tsaya gaban makirufo, ya zuba wa leɓen ɗan wasan ido, ya cika masa baki da magana. Ya yi jarumai, ya yi 'yan fashi, ya yi tallan sabulu da na maganin tari, ya yi wani biri a fim ɗin yara wanda har gobe 'yan unguwarmu suna kwaikwayo. Ba a taɓa rubuta sunansa a allo ba.

Shi da Rustom suna da tsarinsu. In Ajoba ya ɗaga yatsa ɗaya, gwaji ne, ba a kunna na'ura. In ya ɗaga biyu, jar fitila ta kama, a ɗauka. Ajoba yana alfahari da cewa gwaji ɗaya yake yi, ɗauka ɗaya, ya ɗauki laimarsa ya tafi. Kafin ya shiga kuma sai ya fito da ɗan gwangwaninsa, ya murza taba da farar ƙasa a tafin hannu, ya cusa a leɓe. Wai ita ke ba muryar nauyi.

Mahaifiyata, Sunanda, ita kaɗai suka haifa. Ta rasu ina da shekara biyu, zazzaɓi ne na kwana tara. Mahaifina ya sake aure ya koma Nashik, ni na zauna wurin kakannina. Na san fuskarta daga hoton da ke rataye da furanni a bango. Na san rubutunta, don littattafanta na makaranta suna wurina. Na san ba ta cin yalo. Muryarta ce ban sani ba.

Ga shi kuwa ina kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ke iya muryar kowa. Yana yin mai gidan haya, yana yin mai tallan kifi, yana yin Aji har maƙwabta su amsa. Tun ina 'yar shekara bakwai nake roƙonsa.

"Ajoba, ku yi mini Aai." Haka muke ce wa uwa.

"Ni ba boka ba ne, Kalindi. Ba na kamo murya daga iska. Ba ni leɓe, in ba ki murya."

Sai ya yi mini birin, in yi dariya, a bar maganar. Da na girma na daina dariyar, daga baya na daina roƙon.

A damunar 2004, ina da shekara ashirin, na gama sakandare ina aikin buga takardu a ofishin wani lauya, muryar Ajoba ta fara dushewa. Ya sha zuma da citta, ya sha ruwan ɗumi da kurkur. Wata uku bai warke ba. Likita ya leƙa, ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, sai an cire mazaunin muryar gaba ɗaya. Aka sa ranar aiki, saura kwana goma sha biyu.

Da muka dawo gida ya zauna bakin gado ya ce, "To, Malati, burinki ya cika. Daga wata mai zuwa ke ce da magana ta ƙarshe."

"Ku yi shiru," in ji Aji.

"Ai abin da likita ya ce ke nan."

Ba ta yi dariya ba. Ta shiga madafi ta daɗe tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Ni kuwa lissafin kwanaki nake. Ina jin kunyar abin da nake lissafawa, don mutum na shirin rasa muryarsa ni ina tunanin ta wata. Amma na san ranar da aka yanke tasa, an yanke ta mahaifiyata tare. A kwana na huɗu na gaya wa Aji abin da ke raina, muna tsince shinkafa.

"Akwai leɓen," ta ce. "Rustom ya ɗauki majigin bikinta, irin na da, marar sauti. Bayan rasuwarta kakanki kullum sai ya kafa shi ya zauna yana kallo, ba ci ba sha. Na naɗe na mayar wa Rustom, na ce masa ɓeraye sun cinye."

"Ya yarda?"

"Shekara arba'in da shida muna tare. Ya san ƙarya nake, ya kuma san dalili."

Rustom ya zo ranar Lahadi da la'asar, a tasi, yana nishi da na'urar majigi a kafaɗa. Ya riga ya yanko wurin ya yi masa zobe. Muka toshe taga da bargo, muka rataya farin mayafi a bango. Ni na aro rikoda wajen maƙwabta, na sayi sabon kaset.

"Kai tsohon ɓarawo," in ji Ajoba da dusasshiyar murya, "ashe kai ne ɓeran."

"Ɓeran da ya adana maka, gajere. Tashi ka yi aiki, tasi na jira na."

Ajoba ya wanke fuska, ya sa farar rigarsa. Ya sunkuya ya taɓa ƙasa ya taɓa goshi, kamar yadda yake yi kafin ya hau dandamali. Aji ta buga cokali a farantin tagulla sau uku, a madadin ƙararrawar buɗe labule. Na'ura ta fara ƙara.

Ga ta nan a bango. Koren sari, furanni a gashi, tana tsaye a ƙofar motar da za ta kai ta gidan miji. Ta rungume wani gajeren mutum mai baƙin gashi, ta zura hannu a aljihunsa ta zaro wani abu, ta ɗaga sama tana magana, tana kuka tana dariya. Daƙiƙa tara. Sai ya koma farko.

Ajoba ya bar shi ya zagayo sau uku, leɓensa na motsi. Sannan ya ɗaga yatsa ɗaya.

Yatsana yana kan jan maɓallin rikoda. Rustom ya dafe hannuna.

"Gwaji ne, 'yata. Ba a ɗaukar gwaji."

Kaset ɗin na minti sittin ne, ba abin da zai ƙare. Amma shekara arba'in ke nan hannun Rustom bai taɓa kunna na'ura a kan yatsa ɗaya ba, ni kuma na tashi a gidan da ba a musu da tsarin aiki. Na janye hannuna.

Hoton ya zagayo. Sai wata murya ta fito, siririya, mai ɗan sauri, tana ɗan shaƙewa da kuka, babu dushewa ko kaɗan a cikinta.

"Baba, wannan gwangwanin da shi zan tafi. In kun isa ku zo gidan surukai ku karɓa. Aai, ki sa musu ido, kin ji?"

Cokali ya faɗi daga hannun Aji. "Na ji," ta ce wa bangon.

Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Hoton yana ta zagayowa, tana ta ɗaga gwangwanin taba. Can Rustom ya share hanci ya ce, "Shi ke nan, daidai ya hau. Mu ɗauka."

Ajoba ya ɗaga yatsa biyu. Na danna. Ya buɗe baki, sai iska. Ya yi gyaran murya, ya sake. "Baba" ya fito, amma da muryar tsoho marar lafiya. Aji ta kawo ruwan ɗumi. Ya sake, tari ya sarƙe shi. Mutumin da bai taɓa wuce ɗauka ɗaya ba ya yi bakwai a ranar. A ta bakwai ya zauna ƙasa ya jingina da gado.

Rustom ya cire tabarau. "Digambar, laifina ne."

"Ni na ɗaga yatsa ɗaya," in ji Ajoba. Ya dubi bangon. "Washegarin bikin na sayi wani gwangwanin. Ko kwana ɗaya ban yi babu taba ba."

Mun sake gwadawa ranar Talata, da ranar Alhamis. Muryar ba ta dawo ba. Ranar Litinin aka yi aikin.

Ya ƙara shekara biyu da ɗoriya a duniya, da allo da alli a rataye a wuya. In Aji ta yi masa gori sai ya rubuta amsa, kafin ya gama ta bar wurin, ya bi ta madafi da allon. Wata rana ya rubuta mini, "Kin ji ta dai?" Na ce na ji. Ya goge da gefen riga, ya rubuta, "To ki riƙe." Ya rasu a watan Maris na 2007. Jarida ɗaya ta ba shi layi huɗu, ta kuskure sunansa.

Kaset ɗin yana wurina, cikin akwatin kwanon da ya zo da shi daga Sangli, tare da littattafan mahaifiyata da gwangwanin da ta ƙwace, wanda aka dawo da shi cikin kayanta. In na kunna, ƙarar majigi nake ji, da Rustom yana cewa "ta ɗaya", "ta biyu", da numfashin Ajoba yana neman hanya. Rustom ya rasu, Aji ma ta bi su bara. A cikin mu huɗun da muka ji muryar a ranar, ni kaɗai na rage. Nakan maimaita maganar a raina ina wanke-wanke don kada ta gudu. Na gwada faɗinta a fili sau ɗaya, sai na ji muryata ce kawai, ban sake ba.