Ƙararrawar Rukayya da Gaisuwar Malam Sale

Har yanzu ban manta da safiyar da na shiga bayan a-kori-kura da sunan aikin makaranta ba. Kafin in ba da labarin, ya kamata in bayyana madogarata. Abin da ya faru a motar Malam Sale na gani da idona. Abin da ya faru a bas kuwa daga bakin direbanmu, Malam Iliya, na ji shi, na kuma tambayi Rukayya daban, maganarsu ta zo ɗaya. Watan ne ba ni da tabbas a kansa. Na dai san damina ce, a shekarata ta farko ta koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada.

Makarantar tana da bas ɗaya mai ɗauko ɗaliban ƙauyukan kewaye. Tana kuma da muƙamin mai buga ƙararrawa, wanda ake ba ɗalibin da aka yarda da natsuwarsa, domin da bugunsa ake fara taron safe. A shekarar, Rukayya ce ke riƙe da shi, 'yar aji biyu na babbar sakandare, kuma tana ji da shi ƙwarai. Matsalar ita ce kusan kullum a makare take zuwa. Shugabar makaranta ta ce idan ba a gyara ba za ta ba wani ƙararrawar, ta kuma umarce ni in binciko dalili.

Rukayya ta gaya mini, kanta a sunkuye, cewa da wuri suke fitowa, amma mahaifinta, Malam Sale, ne ke kawo ta a a-kori-kurarsa, kuma ya hana ta shiga bas. Na nemi izininsa in bi su wata safiya. Ya yarda da murna, ya sa ni a baya kan buhunan masara.

Ba mu bar unguwa ba ya tsaya wurin liman, ya sauko, ya durƙusa, ya kira Rukayya ita ma ta gaishe shi. Aka tambayi gida, aka tambayi shuka, aka tambayi ƙafar liman da ke ciwo. Gaba kaɗan sai mai unguwa. Bayansa sai wata tsohuwa mai ƙosai, wadda ya ce ita ta goye shi. A mararraba muka tarar da Arɗo yana jiran shanunsa su tsallaka, aka koma gaisuwa da Fillanci. Nan ma sai da na sauko, don ba zai yiwu in zauna a kan buhu ina kallon dattijo ba.

Da na samu sarari, na kawo maganar bas cikin ladabi. Malam Sale ya dube ni, ya ce, "Malam, na ga bas ɗinku. Iliya hon kawai yake danna wa mutane, kamar awaki ne a hanya. Kana so 'yata ta tashi tana wuce manya a zaune?"

Mun iso an gama taron safe. Shugabar makaranta tana bakin ƙofa, ta dubi ƙurar da ke rigata, ta ce, "Malam Nura, bincike na aike ka, ba don ka shiga cikin masu laifin ba."

Daga baya ita ta sasanta. Ta gayyato Malam Sale, ta bar shi ya gaishe ta iya son ransa, sannan ta nuna masa cewa ƙararrawar amana ce a hannun 'yarsa. Kalmar amana ce ta karya shi. Ya amince ta riƙa bin bas, da sharaɗin ranar Asabar zai zaga da ita ta biya gaisuwar mako. Tun daga nan ƙararrawa ta koma bugawa a kan lokaci.

Ba a daɗe ba, bas ta kafe a laka kusa da mararrabar nan. A cewar Malam Iliya, mutane suna wucewa suna masa sannu kawai, har Arɗo ya hango fuska a taga, ya ce ai 'yar Sale ce. Nan take ya kira samarinsa, mai unguwa ya turo wasu, aka tura motar ta fito. Da suka iso makaranta, Rukayya ta sauka da gudu, ta buga ƙararrawa takalmanta duk taɓo. Malam Iliya ya ce tun ranar yake rage gudu a wurin, yana cire hula.

Abin da na koya shi ne, aikin malami a garuruwanmu yana farawa ne tun daga hanya. Amma har yau iyaye sukan tambaye ni ko su kawo 'ya'yansu da kansu ko su sa su a bas, sai in rasa amsa. Bas ce ta bar wa Rukayya ƙararrawarta, gaisuwar da ake yi a motar mahaifinta ce ta fitar da bas daga laka. Wacce ce daga cikinsu ta kai ta makaranta a ranar?