Kwana Biyu a Bakin Rafin Hulu Langat

A shekararmu ta uku a Kuala Lumpur aka zaɓi babbar 'yata ta buga wa makarantarsu badminton. Shekararta goma sha ɗaya a lokacin. Muna zaune a hawa na huɗu na wani tsohon bene kusa da Kampung Baru, mahaifinta kuma yana karatun digiri na uku a Jalan Semarak. Da safe yake fita da jakarsa, ya dawo idanunsa jajur, ya ci abinci yana karatu. Yaran sun saba da hakan. Ni ma haka nake gaya wa kaina.

A filin ajiye motoci na benen ta koyi wasan, ita da 'yar maƙwabciyarmu, wata Malay mai fara'a da yarana suke kira makcik, wato inna. Igiyar shanya suke ɗaurawa tsakanin turaku biyu ta zama raga. Da malamin wasanni ya ga yadda suka san hannun juna, sai ya haɗa su su riƙa bugawa tare.

Gasar ta kwana biyu ce, Asabar da Lahadi, a wani babban ɗakin wasa can bayan gari, ta wajen Hulu Langat. Ana saura mako guda makcik ta leƙo ina tankaɗen gari.

"Ba za mu yi ta zuwa muna dawowa ba lah," in ji ta, da "lah" ɗin nan da mutanen can suke rufe magana da shi. "Akwai rafi kusa da wurin, a can muke kafa tanti lokacin hutu. Ku zo mu kwana tare. Boleh? Zai yiwu?"

Na ce zan yi shawara. A raina kuwa na ce, ni da na tashi a Kano cikin gida mai katanga da zaure, in bar ɗaki da fanka in je in kwana a daji cikin ƙyalle? Na gaya wa maigidan ne don na tabbata zai ce ba shi da lokaci, maganar ta mutu a bakinsa ba a nawa ba. Sai ya ɗago kai daga takarda ya ce, "Mu je mana, maman yara. Zan tafi da aikina, in yi a can."

Tantin ya aro a wajen wani abokin karatunsa ɗan Jos, wanda yake zuwa irin wannan fita da mutanen cocinsu. Ni kuma na yi shiri kamar mai tafiya hajji: tukwane biyu, ƙaramin murhun gas, tabarma, buta, yaji, da sauran kilishin da aka aiko mana daga gida, wanda nake ɓoyo a bayan kwanuka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka kama hanya, motar su makcik a gaba, tamu a baya. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma sai ka ce wata ƙasa muka shiga. Bishiyoyi sun haɗe kai a sama, ruwan rafin garau, kana ganin duwatsun ƙasansa. Ƙaramar 'yata, mai shekara biyar, tun kafin a tsaya take cire takalmi.

Mijin makcik ya kafa nasu tantin cikin 'yan mintuna. Namu kuwa ya gagari mai karatun injiniya. Ya soka wannan ƙarfe, wancan ya fita. Ya ce a bar shi, ya gane tsarin. Muna tsaye muna danne dariya hadari ya haɗo, irin na la'asar ɗin garin nan da ba ya sallama. Da gudu muka dunguma cikin tantin su makcik, mu bakwai, gwiwa na gugar gwiwa.

Sai da ruwan ya ɗauke maigidan ya tuna da jakarsa. A gindin bishiya ya bar ta. A ciki akwai babi guda na kundinsa, wanda malaminsa ya bi da jan biro yana gyara. Ya zaro takardun suna ɗiga, jan ya narke ya bi shafukan kamar an zuba zoɓo. Ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Na san watannin da ya kashe a kansu.

"Rubutun yana cikin kwamfuta," ya ce a hankali. "Gyaran ne ya tafi. Sai in koma in ba shi haƙuri."

Ya shimfiɗa su a kan duwatsu, ya ɗora wa kowanne tsakuwa. Daga nan ya bari mijin makcik ya nuna masa yadda ake kafa tanti.

Da asuba sanyin ruwan alwala ya wartsake ni. Hazo ya kwanta a kan rafin, makcik ta riga ta ɗora shinkafa da madarar kwakwa, ƙamshin ya cika wurin. 'Yan wasan namu suka kasa cin abinci sosai. Ta yi ta ce musu, "Makan, makan," wato su ci, suna tura loma da ƙyar.

Ban taɓa shiga irin wannan ɗakin ba. Filaye shida a jere, ƙarar takalma a kan katako, ga zafi, don an kashe fankoki kada iska ta kaɗa ƙwallon, wanda da gashin tsuntsu ake yin sa. 'Yata ce kaɗai baƙar fata a cikin 'yan wasan, kuma ta fi yawancinsu tsawo. Ban san dokokin ba. Abin da na sani shi ne in ƙwallon ya faɗi a wancan ɓangaren, mu ne da murna. A wasa na biyu na manta kaina, na miƙe ina cewa, "Doke shi, uwata, kar ki raga musu." Alƙalin wasa ya juyo ya ɗora yatsa a leɓe. 'Yata ta sunkuyar da kai don kunya, maigidan ya ja gefen mayafina na zauna. Sun ci wasanni uku a ranar.

Da yamma muka koma rafi. Na dafa dafa-duka, na fito da kilishin. Mijin makcik ya ci yanka ɗaya, ya yi ta hura baki, ya sake miƙo hannu. Yaran suna wasa a inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Maigidan, da yake ba abin karantawa, ya yi ta zagaye. Can sai na ga ya cire riga, ya hau wani dutse, ya faɗa inda ruwan yake da zurfi. Na zabura na miƙe. Sai ga kansa ya ɓullo can tsallake, yana iyo a natse, ba ko fantsama.

Shekara goma sha uku muna tare, ban san ya iya ruwa ba.

"Malam, a ina ka koyi wannan?" na tambaye shi da ya fito.

"A kogin garinmu. Kullum sai an zane ni a kansa." Ya share fuska yana dariya. "Ba ki taɓa tambaya ba."

Yaran suka rufe shi. Ya goya ƙaramar ya ratsa da ita, ya riƙe cikin babbar yana nuna mata yadda za ta buga ƙafa. Har magariba suna ciki. Na zauna a kan tabarma ina kallonsu, makcik tana cire mini wani matsattsaku da ya maƙale a idon sawuna, ni ko a jikina.

Ranar Lahadi aka fitar da 'yan wasan namu a wasan kusa da na ƙarshe. Sun haɗu da wasu 'yan Sin biyu ƙanana, masu sauri kamar walƙiya. An yi kankankan har ƙarshe, sai ƙwallo ya taho wa 'yata a sama, mai sauƙi, irin wanda take bugawa ido rufe. Ta buga shi cikin raga.

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta gaisa da abokan karawar, ta sa kayanta a jaka. Sai da muka koma kwance tanti na neme ta na rasa. Na same ta a bayan wani dutse, ƙafafunta cikin ruwa. Yarinyar da in na yi mata Hausa sai ta amsa mini da Turanci ko Malay, ranar da Hausa ta yi magana.

"Umma, ni na jawo mana."

"Ke kika kai ku har nan ma," na ce.

"Na gan shi fa."

Na zauna kusa da ita, na jawo kanta kan kafaɗata, ta yi kukanta. Ba a jima ba ƙawar tata ta zo da kankana yanka biyu, ta miƙa mata ɗaya. Suka ci suna tofar da 'ya'yan cikin ruwa, suna gasar wadda nata zai fi nisa.

A hanyar dawowa muka tsaya a wani shagon mamak, wato gidan abincin Musulmi 'yan asalin Indiya, 'yata ta ci gurasarsu da ake kira roti har uku ita kaɗai.

Sau biyu muka sake zuwa rafin kafin maigidan ya gama mu dawo gida, kuma ni ce nake fara tayar da maganar. 'Yata da ƙawarta ba su taɓa cin kofi ba. Da muka dawo Nijeriya wasan ya bi ruwa, don ba ta sami abokiyar bugu ba, karatu kuma ya yi yawa. Yanzu ita ma uwa ce.

Mun yi ta waya da makcik shekara biyu ko uku, daga baya suka tashi daga benen, lambar ta daina shiga. Duk wanda na ji zai je Kuala Lumpur nakan kwatanta masa gidan, in ce ya tambayi masu sayar da abinci a bakin titi ko sun san inda suka koma. Har yau ba wanda ya dawo mini da labari.