Bencin Malama Mai Gajeriyar Ƙafa

Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe goma na safe, ina bakin filin ƙwallo ina raba gardama tsakanin 'yan wasa biyu, sai wani abokin karatuna ya kira ni. Ko gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Malama ta rasu." Ban tambaye shi wace Malama ba. Mu da muka karanta cigaban al'umma da ayyukan matasa a jami'a mun ga malamai iri-iri, amma in aka ce Malama kawai, ke ake nufi. Allah ne Ya ba mu ke, kuma Shi Ya karɓi abarSa.

Na zauna rubuta wannan ta'aziyya da zuciya mai nauyi, sai na tarar kusan duk abin da na tuna game da ke dariya yake ba ni. Ki yi haƙuri, Malama, ke kika saba mana da haka.

A bayan idonki Mai Benci muke ce miki, kuma kin sani. Wani bencin katako ne mai cin mutum uku, in ba masu jiki ba ne, ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta, kullum yana bayan motarki. Ranar laccarki ta farko kika sa aka shigo da shi aji, kika ce shi ne babban littafin wannan fanni, sauran suna laburare. Dokarki ɗaya ce: ɗalibin da aka tura unguwa zai yi mako biyu yana zaune cikin mutane, ba biro ba takarda. Har wani tsohon gwangwanin madara kike da shi a kan teburinki, inda kike tara birorinmu.

Ni dai ba da son mahaifina na shigo sashenki ba. Kafinta ne, kuma lauya yake so in zama. Da na yi masa bayanin cewa ana koya mana yadda ake aiki da matasa, sai ya ce, "Ni da na raini 'ya'ya takwas, wa ya ba ni digiri?" Daga ƙarshe ya yarda, amma da sharaɗi. Shekara huɗu ya ba ni, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba, in na faɗi zarto na jirana a shago. Baba kuwa ba ya magana biyu.

A shekarar ƙarshe kika tura ni unguwar bayan tashar mota, inda samari ke wuni a wurin wankin mota, in yi aikin kammala karatu a kansu. Ina ji da kaina a lokacin. Na ga zaman benci ɓata lokaci ne, sai na buga takardar tambayoyi arba'in, kwafi ɗari biyu, na raba cikin kwana biyu. Na haɗa rahoto mai kauri da zane-zane masu launi, na kammala da cewa babbar buƙatar samarin unguwar ita ce cibiyar koyon kwamfuta.

Kika buɗe shafi biyu, kika rufe, kika cire tabarau.

"Mutum ɗari biyu ka yi magana da su?"

"Eh, Malama."

"Faɗa mini laƙabin biyar."

Na hau jujjuya shafukan rahoton ina nema, sai kika ƙara jefo mini wata.

"To wa ya fara kawo maganar kwamfuta, kai ko su?"

Tambaya ta ɗaya ce a takardata, ko suna so a buɗe musu cibiyar. Kika ce, "Ɗana, ko ni ka tambaya ko ina son jirgin sama, eh zan ce maka." Kika ƙi sa hannu. Saura mako biyar a rufe karɓar aiki, kuma in babu sa hannunki sai maimaita shekara, wato sai zarto. Na roƙe ki, na ba ki labarin sharaɗin Baba, har da ƙwalla. Kika saurare ni tsaf, kika ce in gaishe shi, sana'arsa mai albarka ce. Sannan kika miƙo mini gwangwanin madara da hannu ɗaya, makullin motarki da ɗayan. Ranar na ji haushinki ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Haka na ɗauki benci a ka na nufi bayan tasha. Makon farko ba wanda ya kula ni, sai dai in ji ana cewa ga mai takardu ya dawo. A mako na biyu, Dogo, babbansu a wurin wankin, ya gaji da tsayuwa ya zauna a ɗaya gefen. Bencin ya karkace, saura kaɗan ya kifar da mu duka. Aka fashe da dariya, wani ya kawo guntun kwali ya cusa a ƙarƙashin ƙafar, daga nan hira ta ɓarke. Abin da na fara ji shi ne, Dogo shi kaɗai ya cike takarduna talatin, yana sauya hannu.

Sannu a hankali na gano abin da ke damunsu. Akwai zauren taro na unguwa da fili a bayansa, shekara uku a kulle. Makullin yana hannun wani tsohon hedimasta, wanda ya garƙame wurin ranar da ƙwallonsu ya fasa taga kuma ba wanda ya je ya ba shi haƙuri. Su suna jin tsoronsa, shi yana jiran su. Babu wannan a cikin tambayoyina arba'in.

Muka kwashi benci, ni da Dogo da mutum uku, muka je ƙofar gidan tsohon bayan la'asar. Kwana biyu muna shan labarin zamanin koyarwarsa, ba wanda ya ambaci zaure. Rana ta uku Dogo ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, mu muka fasa tagar nan. A yafe mana." Tsohon ya sa hannu a riga ya zaro makulli. Ya ce, "Shekara uku ina yawo da shi, aljihu biyu ya huda mini. Ina kuka shige?"

Mahaifina na roƙa ya zo ya gyara tagar, kuma ranar kika zo duba aikina. Idon kafinta ya sauka a kan bencinki, ya ce wannan abin kunya ne, a ba shi minti goma ya daidaita ƙafar. Kika tare shi da sauri kika ce, "Baba, a rufa mini asiri. Da hannuna na yanke ta. In benci bai yi rawa ba, da me baƙo biyu za su fara magana?" Baba ya mayar da gudumarsa cikin jaka.

Rahotona na biyu shafi goma sha tara ne kacal. Kika sa hannu saura kwana biyu a rufe, kika laluba gwangwani kika mayar mini da birona. Yau shekarata goma sha ɗaya ina aiki da matasa a wannan zaure, Dogo ne mai horar da 'yan ƙwallonmu. Duk wannan alherinki ne, kuma ban taɓa gode miki yadda ya kamata ba. Wannan ne abin da ke cin raina.

Da muka je gaisuwa gidanki kujeru sun kasa, domin unguwannin da kika taɓa zama a cikinsu duk sun zo. Da zan tafi, maigidanki ya kama hannuna ya kai ni bayan motarki, ya ce kin bar wasiyya a ba ni bencin. Na wuce da shi wurin Baba, wanda yanzu tsufa ya zaunar da shi. Ya shafa gajeriyar ƙafar nan da tafin hannunsa, ya ce, "Kada ka bari wani kafinta ya taɓa ta."

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da abokan aikinki na sashe, da ɗalibanki da ke warwatse a unguwanni suna sauraron mutane. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya jiƙanki, Malama, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa kowane zama da kika yi da bayinSa ya zama nauyi a mizaninki. Kin ƙare rayuwarki a kan benci mai rawa saboda 'ya'yan mutane. Allah Ya ba ki mazauni a Aljanna wanda ba ya rawa. Amin.