Farin Bututu da Ƙwaryar Nono

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi Malam, mahaifin 'ya'yana. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko a jarida, don ban taɓa kama shi ba yana raye. A Ƙofar Ruwa mai walda suka san shi. Mu kuwa a Soron Ɗinki mun san mutum ne da ke shigowa gida hanci baƙi ƙirin, baki cike da dariya. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa.

Akwai wani ƙarfe da suke kira farin bututu, wanda aka lulluɓe da fari don kada ya yi tsatsa. In aikinsa ya zo, Malam ba ya kusantar da wuta sai ya gurje farin nan daga bakin da za a haɗa, ciki da waje, har baƙin ƙarfe ya bayyana yana sheƙi. Da magagari yake yi a lokacin, yana gumi yana waƙar bege. Ya ce in wuta ta ci farin, hayaƙinsa yana shiga ƙirji ya kwantar da mutum, haɗin kuma ya fito da ƙananan ramuka, kyau a ido, ruɓa a ciki. In ya gama walda sai ya bi wurin da fenti mai hana tsatsa.

Masu walda sun yarda nono yana wanke hayaƙin. Ni kuma jikar Fulani ce, don haka duk ranar farin bututu sai in aika masa ƙwarya cike. Yakan shanye tas, ya ce a gaya mini: "Nono ciki yake zuwa, hayaƙi huhu. Amma kada ta fasa aikowa."

Bara ɗanmu na uku, Habibu, wanda ya gaji shagon, ya karɓi aikin ƙafafun farin bututu da za a ɗora wa tankin ruwan unguwarmu. Ana so a gama kafin azumi. Wata yamma ya shigo gaishe ni yana rawar ɗari, haƙora na haɗuwa, bakinsa wai ɗanɗanon ƙarfe. Na ce, "Ka gurje kuwa?" Ya ce, "Inna, ina lokaci? Ai na sha nonon da kika aiko." Zazzaɓin zai wuce da yardar Allah, amma a ƙarƙashin tankin nan mata da yara za su riƙa layi da bokiti.

Da ya sami sauƙi na yafa mayafi na hau adaidaita sahu. Ban taɓa taka shagon nan ba duk zamana da Malam. Na zauna a benci na ajiye sandata. Wani abokin Malam, Alhaji Ɗanlami mai sayar da rodi, ya leƙo ya ce, "Lale! Yau sifeto muka samu? Habibu, ka shiga uku."

Na ce, "Alhaji, sifeto yakan tafi. Ni sai an yanke haɗin nan."

Habibu ya yi ƙasa da murya. "Inna, a gaban mutane?"

"A gaban mutane tankin zai tsaya," in ji ni.

Ya yanke haɗi ɗaya don ya nuna mini lafiya lau yake. Ya duba cikinsa, sai ga ƙananan ramuka. Sai ya jawo injin gurza ya fitar da aikin waje inda iska ke kaɗawa, ya ɗaura abin rufe hanci. Alhaji Ɗanlami ya saya mini gurasa, muka zauna muna hirar Malam, muna dariya har da hawaye, tartsatsi na tashi.

Nakan ce da Malam zai leƙo yau, me zai ce? Injin nan da ke cinye aikin yini kafin shayi ya huce zai burge shi ƙwarai. Farantan hasken rana da ke tura ruwa sama kuwa, sai ya zagaye su yana tasbihi. Gaggawar mutanen yanzu ce kaɗai za ta sa ya girgiza kai.

Azumi ya kama ba a gama ba. Mai unguwa ya yi ta ƙorafi, Habibu ya yi ta ba shi haƙuri. Ana gab da sallah aka ɗora tankin, ruwa ya zubo, yara suka yi ta ihu suna jiƙa juna.

Malam bai bar gona ba, bai bar mota ba, magagarinsa ma ban san inda ya shiga ba. Abin da ya bari shi ne da safe in na ji jikokina sun fita ɗebo ruwa, ba na tashi zaune da fargaba. Nakan gyara kwanciya in ci gaba da jan carbina. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makoma.