Lurwanu Mai Duba Tsagar Dutse

Shekara ashirin da ɗaya, da an sallame Asuba, Malam Lurwanu ba gida yake komawa ba. Sai ya saɓa sandar ƙarfensa ya hau dutsen da ya yi wa bukkokinmu rumfa a bayan unguwar Misfala, nan Makka. Kowace tsaga ya santa, kowacce kuma ya soka mata tsinke. In ya tarar tsinke ya faɗi, tsagar ta ƙara buɗewa ke nan. Sannan ya haƙa rami iyakar gwiwar hannu ya duba: sama busasshiyar ƙasa, ƙasanta tsakuwa, can ciki laka mai santsi kwance kan dutse. Wannan lakar ce ke hana shi sukuni. Ba wanda ya sa shi aikin nan, ba kuma wanda ya taɓa ce masa sannu.

Mutumin Gobir ne, mai fasa dutse, da ƙafa ya zo ta Sudan. Shi ya fara gane ɓarnar da muke yi wa kanmu. A gida, ƙasar Hausa, mai gini gefen gidansa yake haƙar ƙasa ya bar kududdufi. Muka zo nan da halinmu, muna ƙwaƙule gindin dutse muna yin tubali, alhali ƙasar nan ita ke tokare da duk abin da ke sama. Ya faɗa har muryarsa ta dushe. Ladan da ya samu shi ne suna: Baba Jabal, wato dutse da Larabci, wai dutse ya aura.

Hajiya Ramlatu mai ƙosai ta ba ni labarin ranar da aka yi ƙanƙara da hantsi, ruwa ya biyo baya. Ta ce sai ga shi ya gangaro a jiƙe sharkaf, yana dukan ƙofofi da sanda.

"Yalla, ku fito! Tsinke bakwai sun faɗi!"

Gida tara suka fito suna ƙunƙuni. Dawuda maɗinki kuwa, abokin tafiyarsa tun daga gida, ko allurarsa bai ajiye ba.

"Ya shehu, ya isa haka, ka ƙyale mu. In mutuwar ce, ina ya fi Makka?"

"Kai ka zaɓa, Dawuda. 'Ya'yanka fa, ka tambaye su?"

Kafin Azahar gefen dutsen ya zame gaba ɗaya. Da hannu Lurwanu ya tono Dawuda da iyalinsa, mutum biyar, ba mai rai. Har yau in ya tuna, ba taurin kan Dawuda yake gani ba, cewa yake da ya sani da ya cicciɓi yaran da ƙarfi.

Malam Lurwanu, kai ne ka hau inda muke tsoro don mu zauna lafiya. Kai ne aka yi wa dariya da safe, aka nemi kafaɗarka wajen ɗaukar gawa da yamma. Jikokin Ramlatu da ke guje-guje a lungu, da sandarka Allah ya tsare iyayensu, kuma ba ɗayansu da ya san sunanka na yanka.

Yanzu gwiwa ta ƙi. A Sha'aban ɗin bana, shekara ta 1373 bayan Hijira, ya rarrafo daga hawansa na ƙarshe, ya tsaya a masallaci bayan La'asar ya ce tsagar sama ta kai yatsa huɗu, wa zai karɓi sandar? Kowa ya shiga neman takalminsa, har da ni mai wannan rubutu, kuma kunyar ba ta sake ni ba.

Sababbin alhazai sun zo, sun ga fili a daidai inda gidan Dawuda yake, sun yi murna. Ɗaki goma sha ɗaya suka tayar, da ƙasar gindin dutsen. Lurwanu ya aika musu sau uku, suka ce a gaishe da tsoho.

Mun gode, Baba, Allah ya biya ka abin da muka kasa. Ku kuma masu sauran ƙafa, aikin bai fi hawan sa'a ɗaya ba, zai koya wa duk wanda ya zo. Yana nan zaune a ƙofar gidansa. Jiya hadari ya haɗo ta wajen Muzdalifa, ya riƙo rigata ya ce, "Ya waladi, ɗana, yatsa nawa tsagar ta kai yanzu?"

Na ce masa ban sani ba. Ba wanda ya sani.