Numfashin 'yar fari

Akwai wata Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba, lokacin ina atenda a wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Kafur. Aikina shara, ɗebo ruwa da bayar da kati. Kaka ta yi, ana sussukar dawa, ƙaiƙayi ya cika iska.

Da hantsi aka kawo wata yarinya 'yar shekara huɗu a kan babur, kakarta na rungume da ita, uwar na biye. Asma ce ta tashi. Ga wanda bai sani ba, hanyar iska ce ke tsukewa, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana fito. Haƙarƙarinta na lotsawa, leɓenta ya soma canza launi.

Shugabarmu, Malama Ladi, ta aika mai babur ya nemo mota ko za a wuce Malumfashi. Babu wuta balle a kunna injin shaƙar magani, sai ta ce in miƙo inhela, wato maganin asma na fesawa, da robar ruwa da muka huda wa gindi. Ƙa'idar ita ce a zaunar da yaro a miƙe, a fesa maganin cikin robar, ya shaƙa, a sake. Amma yarinya ta ƙi. Tana ture robar, tana miƙa wa uwar hannu, kuka kuwa na ƙara shaƙe ta. Uwar na bakin ƙofa, fuskarta a bango.

"Ke, zo ki riƙe 'yarki mana!" in ji Malama. Uwar ko motsi ba ta yi ba.

Na matsa na raɗa mata: "Malama, 'yar fari ce. Kunya ba za ta bari ta ɗauke ta a gaban surukarta ba."

"To, Malam Sale, ka san yadda za ka yi da tsohuwar. Yanzu!"

Na ce wa kakar, "Inna, sai babba ya dangwala yatsa a kati. Taho mu je."

A lokacin watana shida da shiga ajin yaƙi da jahilci. Dama hannuna ba sauri, ranar kuwa na ƙara masa nawa. In rubuta, in soke, in ɗauko wani katin.

"Kai ɗan nan, sai a shuka dawa ta nuna ba ka gama sunan nan ba. Wa ma ya ɗauke ka aiki?"

"Inna, biron ne ba ya son a matsa masa."

Can kuka ya ɗauke. Shirun mai asma kuwa ba kullum ne alheri ba. Na leƙa ta taga. Yarinya na zaune a cinyar uwar, robar a bakinta, tana ja a hankali, uwar na yi mata magana a kunne. Malama ta ɗaga min kai tana murmushi.

Motar da aka nemo ta koma ba kowa. Aka ƙara wa yarinyar magani, kafin la'asar har tana rigimar sai an saya mata rake. Da za su tafi, tsohuwar ta tsaya a teburina.

"Malam mai rubutu, ni ma fa na haifi ɗan fari. Da cewa ka yi in ba su wuri, da ka huta da ɓata kati uku."

Har uwar sai da ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Ku da kuka shigo aikin nan bana, ku koyi sarrafa inhela da kyau. Amma in yaro ya ƙi magani, ku ɗaga kai ku duba su waye a ɗakin.