Jifan da Kawu Sani Bai Gani Ba

Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cigiya, ga ni, da sauran shan ruwa.

Ina buga besbol a sakandarenmu nan Riyad. Wani ya jefo ƙwallo, kai ka doke shi da sanda. Dokar a fili take: mai jifa ya auna jikinka da gangan, alƙali ya gargaɗe shi, in ya sake ya kore shi.

Alƙalin ranar da abin ya faru Kawu Sani ne, aminin Babana, direba ne da ke taɓa alƙalanci. Shi ya fara koya min riƙon sanda. Duk Juma'a a gidanmu yake cin tuwo.

Mai jifan, wanda muka yi cacar baki da shi kafin wasa, sau biyu yana auna kaina ina gocewa. Na waiga na dubi Kawu, ya kau da kai. Jifa na uku ya same ni ƙasan hular kwano, bayan kunnen hagu.

Ina kwance na ji hukuncinsa: wai ni na kai kaina gaban ƙwallon.

Na miƙe, don taurin kai har na ƙarasa wasan. A mota na fara amai. Kafin mu wuce unguwar Dira na kasa tuna sunan ƙanwata.

Hoton asibiti ya nuna jini ya taru ƙarƙashin ƙoƙon kaina. Likita ya ce wa Baba, "Da kun bar shi ya kwanta, da wani labarin ake yi." Aka yi min tiyata. Kwana tara ina kallon silin, sai allura da awon jini. Inshora ta ɗauki aikin, amma ba ta koya min tafiya ba, da dafa bango na koya. Na ji tsoro ƙwarai.

Tsoron bai kai ciwon rahoton Kawu ba. Abin da ya faɗa a fili shi ya rubuta, makaranta ta rufe maganar. Ashe uban mai jifan ne kafilin Kawu, wato ubangidansa, iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannunsa take.

Baba ya ce, "Ka yi masa uzuri, wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski."

Na ce, "Baba, da kaina aka yi askin."

Yanzu ina tafiya da ƙafata, na koma aji. Alhamdu lillahi. Mama da ta tare a gefen gadona, likitocina, da ku masu addu'a, Allah ya saka da alheri.

Don Allah, wanda aka buga a kai, ko ya miƙe yana dariya, ku kai shi asibiti nan take. In ya fara amai ko barci ya kama shi, kada ku jira.

Jin kunnen hagu dai bai dawo ba. Ranar da Kawu ya zo da dabino, ta hagu ya zauna, ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Mama ta ce gafara ya nema.

Ban juya masa na dama ba.